Tafiyar jirgin sama tsakanin Beijin da Shanghai

Hanyar jiragen sama da ta haɗa Beijin, babban birnin ƙasar Sin, da Shanghai, cibiyar kasuwancinta, tana cikin hanyoyin cikin gida mafiya cunkoso a ƙasar. Tazarar da ke tsakaninsu a miƙe ta kai kimanin kilomita 1,030 zuwa 1,100, gwargwadon filin da aka tashi da wanda za a sauka. Jirgi kan yi ƙasa da awa biyu a sararin sama, amma jadawalin kamfanoni yakan nuna awa biyu da kusan kwata, saboda ana haɗawa da lokacin da jirgi ke bin layi kafin ya tashi. Babu bambancin agogo, domin duk ƙasar lokaci ɗaya take bi.

Tun zamanin gwamnatin Beiyang, wadda ta yi mulki daga Beijin a farkon ƙarni na 20, aka tsara wannan hanya. Wajen shekarar 1920 aka gwada jigila tsakanin Beijin da Tianjin, a 1921 kuma aka kai Jinan, sai dai aikin ya tsaya bai isa Shanghai ba. A farkon shekarun 1930, lokacin da ake kiran Beijin da suna Beiping, kamfanin jiragen sama na CNAC ya fara zirga-zirga a kai a kai, yana yada zango a garuruwa irin su Qingdao da Tianjin, don haka tafiyar kan cinye yawancin yini. An buɗe filin jirgin Capital na Beijin a 1958, na Pudong a Shanghai a 1999, sai na Daxing a Beijin a watan Satumban 2019. Filin Hongqiao na Shanghai ya girme su duka, ana danganta kafuwarsa da farkon shekarun 1920, kuma har yau shi 'yan kasuwa suka fi so saboda kusancinsa da tsakiyar gari. Daga nan ne jirgin C919, ƙirar Sin, ya yi jigilar fasinjojinsa ta farko zuwa Beijin ranar 28 ga Mayu, 2023, a ƙarƙashin kamfanin China Eastern.

Kamfanonin Air China da China Eastern ne ke kan gaba a hanyar.

Jinkiri ya fi yawa a damina, lokacin tsawa da ruwan sama. Ana kuma ɗora laifin a kan yadda sojoji ke riƙe da babban kaso na sararin samaniyar ƙasar, ko da yake ba a daidaita kan girman tasirin hakan ba.

Tun ranar 30 ga Yuni, 2011, jirgin ƙasa mai saurin gaske ya shiga takara da jiragen sama. Layin dogonsa kilomita 1,318 ne, mafi sauri kuma yana kammala tafiyar cikin awa huɗu da minti 18, kuma tasharsa ta Hongqiao tana maƙwabtaka da filin jirgin saman.