Injin Yanke Ciyawa na Hawa: Kula da Shi da Gano Matsalolinsa

Injin yanke ciyawa na hawa ƙaramar mota ce mai taya huɗu wadda mutum ke zama a kanta yana tuƙi, wuƙaƙen da ke ƙarƙashinta suna aske ciyawa. Ana amfani da shi a filin da ya fi ƙarfin injin turawa da hannu, kamar filayen wasa, harabar makarantu da ta manyan gidaje. Edwin Budding, wani injiniya ɗan Ingila, shi ya ƙirƙiro injin yanke ciyawa na turawa a 1830. A 1902 kamfanin Ransomes na garin Ipswich a Ingila ya fito da mai amfani da fetur, a 1963 kuma kamfanin John Deere na Amurka ya fara sayar da ƙaramar taraktarsa ta yankan ciyawa samfurin 110. Yanzu akwai masu aiki da batir zalla, amma na fetur su suka fi yawa, kuma su suka fi bukatar kulawa.

Yadda aka gina shi

Sassa uku ne ke aiki tare: injin kansa, giyar da ke juya tayoyin baya, da kaskon yanka inda wuƙaƙe suke. Bel ne ke haɗa inji da sauran biyun. Injin irin wanda ake zuba wa baƙin mai daban da fetur ne, mai silinda ɗaya ko biyu, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Faɗin kaskon yakan kama daga santimita 76 zuwa 137, mafi yawan na gida kuwa santimita 107 ne, da wuƙa biyu.

Sunan da ke rubuce a jikin motar sau da yawa ba shi ne sunan maƙerin injin ba. Kamfanonin Briggs & Stratton da Kawasaki su ke ƙera injuna masu yawa da ake ɗora wa motocin wasu kamfanoni. Don haka mai neman fulogi ko filta lambar da ke jikin inji zai duba, mai neman bel ko wuƙa kuma lambar motar, wadda galibi ke manne a ƙarƙashin kujera.

Kulawa

Da awannin aiki ake lissafin kulawa, ba da nisan tafiya ba. Sabon inji ana canza masa baƙin mai bayan awa biyar ko makamancin haka, don fitar da ɓurɓushin ƙarfen farko. Daga nan sai kowace awa 50 ga injin da ba shi da filtar mai, ko awa 100 ga mai ita, ko sau ɗaya a shekara idan aikin bai kai haka ba. Baƙin mai mai lamba SAE 30 ya dace da yanayin zafi, 10W-30 kuma da inda zafi da sanyi ke sauyawa. A duba sandar awon mai kafin kowane aiki, motar na tsaye a wuri mai daidai. Cika mai ya wuce layi shi ma illa ne, domin yana sa hayaƙi ya kuma jiƙa filtar iska.

Filtar iska ta takarda ce, wani lokaci da soso a kewaye. Ana wanke soson a bar shi ya bushe, takardar kuwa ba a wanke ta. Idan ta toshe sai sabuwa. A fili mai ƙura, duba ta duk awa 25 bai yi yawa ba. Filtar da ta yage ta fi wadda ta toshe haɗari, domin ƙurar da ta wuce ta takan cinye bangon silinda a hankali, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa da araha.

Abin da masu injin suka fi mantawa da shi shi ne sanyaya. Fankar da ke hura wa silinda iska tana saman injin ne, tana juyawa tare da shi. Shi ya sa ake yanka da cikakkiyar wuta: rage wuta ba tausaya wa injin ba ne, rage masa iska ne alhali yana ɗauke da kaya. Busasshiyar ciyawa na taruwa a ƙarƙashin murfin fankar, ɓeraye ma kan yi sheƙa a wurin idan motar ta daɗe a ajiye. Cire murfin a share sau ɗaya a shekara yana hana injin ƙonewa.

Fulogi ana canza shi duk shekara ko bayan awa 100. Tazarar bakinsa a injuna da yawa milimita 0.76 ce. Wuraren giris na gaban mota da na sandunan wuƙa, idan suna da bakin zuba shi, su ma a ba su haƙƙinsu.

Fetur da zaman banza

Yawancin matsalolin wannan inji ba daga aiki suke zuwa ba, daga ajiya ne. Fetur kan fara lalacewa cikin kwana 30 ko makamancin haka. Sashensa mai saurin kama wuta ya tashi, ragowar ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireto, waɗanda wasunsu ba su fi kaurin allura ba. Fetur mai gaurayen sinadarin itanol yana ƙara tsananta abin, domin yana jan danshi daga iska, ya kawo tsatsa a kwanon kafireto, ya kuma busar da tiyon roba. Maƙera ƙananan injuna sun yarda da gaurayen da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Mai kashi 15 ba su amince da shi ba.

Idan za a ajiye motar na watanni, hanya biyu ce. Ko dai a zuba maganin hana fetur lalacewa a tanki a bar injin ya yi aiki na 'yan mintuna don ya isa kafireto, ko a tsiyaye tankin a bar injin ya shanye ragowar har ya mutu da kansa. A cire batir ko a haɗa shi da ƙaramar caja mai riƙe caji. A canza baƙin mai kafin ajiyar, ba bayanta ba, don kada tsohon mai ya kwana a ciki.

Idan ya ƙi tashi

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha. Mutane da yawa sun sayi sabuwar sitata alhali kan batir ne kawai ya yi tsatsa. Abin da aka ji lokacin murɗa makulli shi ke nuna inda za a dosa.

Idan shiru ne ɗungurungum, a fara da makunnan kariya. Akwai ɗaya a ƙarƙashin kujera, ɗaya a birki, ɗaya a makunnin wuƙaƙe. Injin ba zai juya ba sai an taka birki kuma wuƙaƙe na kashe. Bayan su sai fis, sannan batir. Lafiyayyen batir mai volt 12 yakan nuna kusan 12.6 a ma'auni idan injin na kashe, ya haura 13 idan yana aiki. In bai haura ba, injin ba ya caji, kuma sabon batir ma mutuwa zai yi. Wasu kan haɗe wayoyin makunnin kujera don su huta da shi. Wannan ganganci ne, domin shi ke tsayar da wuƙaƙe idan direba ya faɗo.

Idan ƙas-ƙas ake ji amma injin bai juya ba, ko batir ya yi rauni, ko kawunansa sun yi datti, ko solonoyid ɗin da ke tura wa sitata wuta ya lalace. Akwai kuma wata matsala mai ruɗa mutane a injunan da bawul ɗinsu ke saman silinda: injin ya fara juyawa ya tsaya cak, kamar batir ya gaza. Sau da yawa tazarar bawul ce ta buɗe, har dabarar da ke rage matsi lokacin tayarwa ta daina aiki. Saita bawul, aikin da ba ya cin kuɗin kaya, yakan warware ta.

Idan yana juyawa lafiya amma bai kama ba, ɗaya daga cikin uku ne ya ɓace: fetur, wuta ko iska. A ciro fulogi a duba. Busasshe na nufin fetur ba ya isowa, sai a bi tiyo daga tanki zuwa filta zuwa kafireto. Jiƙaƙƙe na nufin fetur na zuwa amma babu tartsatsi, ko kuma cok, mai rage iskar da ke shiga kafireto lokacin tayarwa, ya daɗe a rufe. Injin da ya tashi ya yi 'yan mintuna ya mutu, sannan ya sake tashi da an buɗe murfin tanki, ramin numfashin murfin ne ya toshe. Wanda kuma ke mutuwa idan ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta ake zargi.

Sauti da hayaƙi

Injin da ƙararsa ke hawa tana sauka ita kaɗai, fetur ne bai ishe shi ba, galibi saboda dattin kafireto. Alamarsa ita ce yakan daidaita idan aka ɗan ja cok. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, ko daga toshewar filtar iska ko daga maƙalewar cok. Fari ko shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan ya biyo bayan karkata motar ko cika mai, zai wuce da kansa, idan ya ɗore kuwa sai a duba gasket ɗin kan silinda da zobban fistin. Idan baƙin mai ya ƙaru a sandar awo kuma yana warin fetur, allurar kwanon kafireto ce ba ta rufewa. Kada a tayar da injin sai an gyara an canza man.

Kaskon yanka

Yankan da ya fito da tudu da kwari ba kasafai yake laifin wuƙa ba. A fara da iskar taya, domin taya ɗaya da ta sauka tana karkatar da kaskon duka. Bayan haka a daidaita kaskon hagu da dama, gabansa kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Dakusasshiyar wuƙa yaga ciyawa take yi, bakin ganyen ya yi fari ya bushe. Ana wasa ta duk awa 25 ko makamancin haka, a kuma tabbatar ɓangarorinta biyu sun yi nauyi ɗaya, in ba haka ba girgiza za ta kashe boris ɗin sandar da take juyawa a kai. Wuƙar da ta lanƙwashe ba a miƙe ta, sauya ta ake yi. Kafin a sa hannu a ƙarƙashin kasko, a zare makulli a cire wayar fulogi.

Ɗanyar ciyawa da ke manne a cikin kaskon tana hana iska zagayawa, tana kuma jawo tsatsa, don haka a riƙa kankare ta. Bel mai yawan faɗuwa ko tsinkewa yakan nuna fulin da boris ɗinsa ya ci, ko sifirin da ya saki, ko bel ɗin da ba girmansa ba ne. A yanka ɗaya kada a cire fiye da sulusin tsayin ciyawa.

Idan ya ƙi tafiya

Motoci da yawa na amfani da giya mai aiki da matsin mai, irin ta kamfanonin Tuff Torq da Hydro-Gear. Akwai wata 'yar sanda a bayan motar da ake ja don a iya tura ta da hannu. Idan aka manta ba a mayar da ita ba, injin zai yi ta ruri motar ba ta motsa ba. Bayan ita sai bel ɗin tafiya. Motar da ke tafiya lafiya da farko, ta rasa ƙarfi a hawa idan ta yi zafi, ko fankar giyar ce ta karye ko ta cushe da ciyawa, ko man giyar ya tsufa, ko cikinta ya ci. Jan kaya masu nauyi da ƙaramar giya yana gaggauta mutuwarta.

Haɗurra

Ƙa'idar tsaro ta Amurka ANSI B71.1 ta ƙayyade gudun bakin wuƙa a ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa. Dutse ko guntun ƙarfe da wuƙar ta ɗauka da irin wannan gudu yake fita, shi ya sa ake tsince filin kafin a fara, kuma ba a cire marufin mafitar ciyawa. A gangare ana hawa ne a sauko, ba a ratsa shi a kaikaice, kuma maƙera sukan hana aiki a gangaren da ya wuce digiri 15. Ba a tayar da injin a rufaffen ɗaki saboda gubar hayaƙinsa, ba a zuba fetur yana da zafi. Ba a ɗaukar yaro a kai ko da wuƙaƙe na kashe, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi.