Ƙarfin inji ba shi ne ma'aunin jan kaya ba

Direbobin a-kori-kura da yawa sun yi imani cewa in dai mota ta tashi da tirelar da aka ɗaura mata, to ta fi ƙarfin kayan. Wannan kuskure ne, kuma yana cin rayuka.

Tashi da kaya abu ne mai sauƙi, giya ta ɗaya ma ta isa. Tsayawa ce matsalar. Wasu samfuran Hilux an amince su ja har kilo 3,500, amma sai in tirelar na da nata birkin. In ba ta da shi, iyakar kilo 750 ce kawai. A gangara, nauyin da ke baya turo motar yake yi, birki ya yi zafi har ka ji ƙaurinsa, ka taka amma ya ƙi kamawa. Shi ya sa ake saukowa da ƙaramar giya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake lodi. Wasu kan tara buhuna a can ƙarshen tirela wai don a sauƙaƙa wa motar. Daga nan tirela ke fara lilo hagu da dama, tana fizgar bayan motar, sitiyari ya zama ba shi da amfani a hannunka. Kayan masu nauyi a gaban tayoyin tirela ya kamata su zauna, yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan ƙugiyar da ke haɗa tirela da mota. In lilon ya fara, ɗage ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danne birki da ƙarfi.