Waiwaye: Daga kulob ɗin Umdurman zuwa tukwanen takiyya

Bahaushen da ya tashi a Sudan, a Maiwurno ko a ƙauyukan Jazira, ya san kalmar mufattish tun yana goye. Shi ne jami'in da ke duba gonar auduga, ko mai riƙe da gunduma, kuma shekaru da dama Bature ne. Yadda kujerar ta dawo hannun 'yan ƙasa, da inda suka koyi zama a kanta, labari ne da ƙungiyoyin masu ilimi suka taka rawar da ba a cika faɗa ba.

Turawan Ingila sun buɗe Kwalejin Gordon a 1902 don su sami akawu da malamai da alƙalai da masu awon ƙasa. Masu taimaka musu suke nema, ba magada ba. To amma waɗanda suka fito daga kwalejin sai suka buɗe kulob nasu a Umdurman a 1918, daga nan zance ya fara canjawa. A 1938 aka kafa Mu'utamarul Khirrijin, babban taron waɗanda suka yi makaranta, bisa shawarar Ahmad Khair na ƙungiyar adabi ta Wad Madani, Isma'il al-Azhari kuma ya zama sakatare. An fi tuna taron da takardar buƙatu 12 da ya miƙa a 1942, wadda sakataren mulki Douglas Newbold ya mayar musu da ita. A ganina aikinsa da ya fi taɓa talaka shi ne tara kuɗi daga aljihun jama'a ana gina makarantun ahliyya, wato na al'umma ba na gwamnati ba. Da irin wannan karo-karo, ƙirshi-ƙirshi (ƙirshi ƙaramin kuɗi ne, kamar kwabo), aka tsayar da Ma'ahadul Ƙirsh a Umdurman, inda marayu ke koyon sana'a. Kula da marasa galihu ke nan, tun babu mai takardar shaida a kansa.

Da Turawa za su tafi, a 1954 aka raba muƙamai kusan 800 ga 'yan ƙasa cikin gaggawa. Waɗanda suka faɗa hannun 'yan Kudu ko goma ba su kai ba, wannan kuma ya ƙara rura wutar rikici tsakanin Kudu da Arewa. Sai a 1960 aka buɗe cibiyar koyar da aikin gwamnati a Kartum da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1980 kuma aka kafa Akadamiyyar Sudan ta ilimin gudanarwa.

Ta ɓangaren jin daɗin jama'a kuwa, gidan Badri ne ya yi fice. Babikir Badri ya fara da 'yan mata 17 a Rufa'a a 1907, ɗansa Yusuf ya buɗe Kwalejin Ahfad ta mata a 1966, aka soma da ilimin iyali, sannan nazarin halayyar ɗan Adam da renon yara. A 1979 aka kafa ƙungiyar binciken al'amuran mata mai ɗauke da sunan Babikir, ita ce ke fitar da aikin aji zuwa karkara.

Juyin mulkin 1989 ya karya wannan gada. Aka rushe ƙungiyoyin ma'aikata da na ƙwararru, aka sallami dubban ma'aikata da sunan salihul am, wai maslahar jama'a. Gogaggu da yawa suka tsallaka Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha.

Mu Hausawa fa, a mafi yawan wannan tarihi sunanmu a cikin fayil yake, ba a jerin mahalarta taro ba. Kakanninmu sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu a hanyar Makka, suka yi noma, suka riƙe makarantun allo. Rikicin jihar Bahar Azrak (Blue Nile) na Yulin 2022 da ya shafi Hausawa, wanda batun sarautar gargajiya da ƙasa ya kunna, ya nuna cewa tambayar wa ke wakiltar wa a gaban hukuma tana nan ba a amsa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in Kartum, a Disamba kuma ya ci Wad Madani. Ma'aikatu suka watse. Ɗalibai da likitoci da matasan unguwa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suna ƙidaya gidaje, suna rubuta masu ciwon suga da masu juna biyu, suna ɗora tukwanen takiyya, wato girkin ciyar da jama'a kyauta, da kuɗin da 'yan uwa ke turowa ta manhajar banki ta Bankak. 'Yan Sudan suna kiran wannan nafir, mu kuma a gida gayya muke ce masa.