Takardar da makaranta ta aiko ba sammacin kai yaro Yaba ba ce

Jama'a, wannan muryar da ake ta turawa a guruf-guruf na WhatsApp daga Agege zuwa Mile 12, wai makarantun Legas sun fara rubuta sunayen yara suna miƙa wa asibitin mahaukata na Yaba, wai da zarar an kira ka ofishin gaidans, wato na mai ba ɗalibai shawara, shi ke nan an sa wa ɗanka jan biro har abada, wallahi tana ɓarna. Har an fara jin masu cewa gara su cire yaro su mai da shi gida Arewa. To a tsaya a ji yadda abin yake kafin a ɗaure kaya.

Yadda ake tura yaro ba wani asiri ba ne. Malamin aji ko fom-masta shi ke fara lura, yaron da ake sani da surutu ya koma shiru, ko kullum barci a aji, ko maki ya zube lokaci guda, ko faɗa ba dalili, ko yarinya ta riƙa faɗuwa tana ihu. Sai ya kai maganar wajen mai ba da shawara na makaranta, wanda tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe da tanadar kujerarsa. Shi kuma ya zauna da yaron, in ya ga abin ya fi ƙarfin hira sai a sanar da firinsifal, a kira iyaye, a ba su takarda su kai asibiti. Mai ba da shawara ba likita ba ne fa, ba shi da hurumin cewa ɗanka na da ciwo kaza, balle ya rubuta magani. Takardarsa cewa kawai take yi mun ga wani abu, a je a duba.

Kuma wa ya ce Yaba ce kaɗai? Akwai sashen ƙwaƙwalwa a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, tsakiyar mutanenmu, akwai a LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar, a Ikeja, shi kansa asibitin tarayya na Yaba ɓangaren yara da matasa nasa a Oshodi yake. Kuma zuwa ganin likita daban, ba da gado daban, mafi yawa a gan ka ne ka koma gida a ba ka ranar dawowa.

Tsoron nan na san inda ya samo asali. Dokar da Najeriya ta daɗe a kanta ta 1958 ce, tushenta ma tun 1916 zamanin Turawa, kuma ita tsare mutum ta sani, magani bai dame ta ba. Amma an wuce nan. Legas ta yi tata dokar lafiyar ƙwaƙwalwa aka sa hannu a 2019, ta ƙasa kuma marigayi Buhari ya sa mata hannu a watan Janairun 2023. Sabuwar dokar ta ƙasa ta hana nuna wariya ga mai wannan lalura, ta ce a nemi yarda kafin magani, ta kuma sa sharuɗɗa masu tsauri kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa iyaye ko mai riƙonsa su ake tuntuɓa. Ba ruwanta da ɗan gari ko baƙo, Bahaushe ko Bayarabe, kowa ta shafa.

Batun wai za a rubuta a satifiket, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ɗauko takardar WAEC ka duba, suna ne da hoto da darussa da sakamako. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta ce bayanin rashin lafiyar mutum sirri ne. In malami ya tsaya a asambili yana fallasa yarinya, shi ne ya yi laifi, kuma akwai ofishin gundumar ilimi, guda 6 ne a jihar, a kai ƙara can a rubuce.

Yanzu ga inda mutane suka fi rikicewa. Shin makaranta za ta iya yin gaban kanta ba ta jira uba ba? E, a wuri biyu. Na farko in rai na cikin haɗari, yaro ya ji wa kansa ciwo ko ya sha wani abu, nan ba wanda zai tsaya jiran Alhaji ya ɗauki waya yana tsakiyar ciniki a Alaba Rago, asibiti za a nufa ko a kira 112 ko 767, kuma dokar 2014 ɗin nan ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, wanda ya ƙi akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Na biyu in alamu sun nuna daga gida matsalar take, duka na fitar hankali ko lalata da yaro. Tun 2016 gwamna Ambode ya sa hannu a umarnin kare yara da ya wajabta wa makarantu kai rahoto, na gwamnati da na kuɗi, ga kuma dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007. Malamin da ya gani ya yi shiru shi ma ya shiga uku. Na san wannan na biyun yana yi wa wasunmu zafi, ana ganin shisshigi ne cikin gida, amma a gaya min, in kawun da ke kwana a gidan shi ne mai ɓarnar, wa ake so makaranta ta fara kira?

Sai babban abin tsoron, wai yaron da ya yi yunƙurin kashe kansa gidan yari za a kai shi, shi ya sa iyaye ke ɓoyewa su ce zazzaɓi ne. Gaskiya ne akwai wannan hukunci a Najeriya, sashe na 327 na kundin laifuffuka da yawancin jihohin Kudu ke bi ya ce ɗaurin shekara 1, Final Kod na Arewa sashe na 231 shi ma har shekara 1 ko tara. Amma Legas ta yi nata kundin, kuma a cikinsa abin da kotu za ta yi shi ne umarnin a kai mutum asibiti, ba kurkuku ba. Yaro kuma shari'arsa ma kotun iyali take zuwa. Ni dai a ganina rabin gyara aka yi, tunda har yanzu sunan laifi na nan a kai, kuma muddin uwa ta ji kalmar kotu ba za ta buɗe baki ba, komai daɗin bayanin lauya. Farfesa Ali Pate, ministan lafiya a lokacin, ya faɗa a 2024 cewa gwamnatin tarayya na aikin cire shi daga jerin laifuffuka gaba ɗaya, hakan shi ne daidai.

Ruƙiyya fa? Ba dokar da ta hana ka kai ɗanka wajen malam a yi masa addu'a. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mari a ƙafa da bulala da kulle yaro a ɗaki da sunan cire aljani, kowa ya tuna gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019. A haɗa biyun mana, tofi da asuba, likita ranar da ya ba da.

Inda nake ganin an bar mu a baya shi ne harshe. Takarda da Turanci, mai ba da shawara Turanci ko Yarabanci, uwar yaro ko Burokan ba ta gama ji ba, ga shi mutum ɗaya ne ke fama da ɗaruruwan ɗalibai, wata makarantar kuɗin ma kujerar babu kowa a kai. To in takarda ta zo kar a aika yayan yaro ɗan shekara 16 ya wakilci gida. Uba ko uwa su je da kansu da wani babba mai jin Turanci wanda zai iya riƙe sirri, a tambayi me aka gani, yaushe aka fara gani, wa da wa suka sani, wane asibiti ake nufi. Kar a sa hannu a abin da ba a karanta maka ba, kuma a nemi kwafi a tafi da shi gida.