Manchester City Ba Ƙungiyar Jiya Ba Ce

A gidajen kallon ƙwallo na Gusau, da zarar gardama ta yi zafi sai ka ji an ce wa mai goyon bayan Manchester City: "Ku yi shiru, ƙungiyarku kuɗin Larabawa ne suka haife ta a 2008." Maganar tana damuna, domin ta shafe tarihin shekara fiye da ɗari.

An kafa ƙungiyar a 1880 da sunan St Mark's, a unguwar West Gorton. Ta koma Ardwick a 1887, sannan ta ɗauki sunan Manchester City a 1894. Ta ci kofin FA a 1904, lokacin da maƙwabciyarta United ba ta taɓa ɗaga babban kofi ba. Ta lashe gasar Ingila a 1937 da 1968, ta kuma ɗauko kofin Turai na Cup Winners' Cup a 1970.

Abin da ya ruɗi mutane shi ne dogon farin da ya biyo baya. A 1998 har rukuni na uku ta faɗa, amma magoya bayanta ba su gudu ba, suka ci gaba da cika filin Maine Road. Mu kuma a nan, tasar tauraron ɗan'adam da gidan kallo sun yawaita ne a zamanin da United da Arsenal ke tashe.

Kuɗin Sheikh Mansour na Abu Dhabi, wanda ya sayi ƙungiyar a 2008, sun yi aiki, babu musu. Su suka kawo irin su Aguero, wanda ƙwallonsa ta 2012 ta kawo ƙarshen jiran shekara 44 na lashe gasar Ingila.