Lissafin zaɓen iri a binciken taurari

Lissafin zaɓen iri hanya ce ta sa kwamfuta ta lalubo amsa mafi dacewa idan abubuwan da ake nema sun yi yawa. John Holland na Jami'ar Michigan a Amurka ne ya shimfiɗa ka'idarsa a 1975. A 1995 Paul Charbonneau ya nuna amfaninsa ga masana taurari da manhajar PIKAIA, wadda aka rubuta da Fortran, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta.

Wanda ya taɓa ganin manomi a Ringim ko Ɗambatta yana ware zangarniyar gero mai cikar ƙwaya domin iri ya riga ya san rabin aikin. A ce an auna gudun taurari a kewayen wani galaksi, wato babban tarin taurari, ana son sanin nauyin cibiyarsa, da na faifansa, da na sinadarin da ba ya ba da haske. Sai kwamfuta ta zubo amsoshi 100 na kirdado, kowane adadi an matse shi tsakanin 0 da 1, an rubuta shi jeren lambobi. Kowace amsa akan lissafa gudun da za ta haifar, a gwada da awon madubin hangen nesa. Waɗanda suka fi kusa su aka fi ɗauka a yi barbara: a yanke jere biyu a wuri ɗaya, a musanya guntayen, a samu sabbin amsoshi, wato sabuwar zuriya. PIKAIA tana yi wa kashi 85 cikin 100 na ma'auratan haka, ta sauya kamar lamba 5 cikin 1,000 ba zato, ta maimaita zubi 500.

Babbar illar ita ce ƙarewar bambanci. Idan amsa mai ɗan dama-dama ta mamaye zuriya da wuri, lissafin zai tsaya a kanta, kamar gonar da duk irinta daga zangarniya ɗaya ya fito. Shi ya sa manhajar take ƙara yawan sauyi idan amsoshi suka fara kama da juna. Akwai kuma katangar lambobi: 0.1999 da 0.2000 maƙwabta ne, amma sai lambobi huɗu sun sauya tare kafin a tsallaka. Ana magance wannan da ƙara 1 ko rage 1 ga wata lamba a jeren, kamar yadda ƙara 1 ga lambar ƙarshe ta 0.1999 ke ba da 0.2000.

Lissafin ba ya faɗin girman kuskuren amsarsa, sai an auna daban. Kuma gudu ɗaya bai isa hujja ba. A maimaita da mafari dabam-dabam. Inda wuta ba ta tsayawa, a riƙa ajiye zuriya bayan kowane zubi, don a ci gaba daga inda aka tsaya.