Tatsuniya da aikin zare a ƙasar Gombe

Tatsuniya da aikin zare sun daɗe suna zama a tabarma ɗaya a gidajen ƙasar Gombe da Bauchi. A da, tsofaffin mata su ne masu kaɗi, su ne kuma masu ba yara tatsuniya, kuma lokacin ayyukan biyu ɗaya ne: bayan sallar isha'i, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da aka cire auduga, aikin gona ya lafa. A nan ba a zana labari a jikin tufa kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Labarin yana baki, hannu yana aiki, tufar kuma tana riƙe da suna da asali.

Zaman kaɗi

Kafin a kai ga kaɗi sai an gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe don a fitar da angurya, sannan a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi. Mai kaɗi tana riƙe audugar a hagu, tana murza mazari da dama a cikin ƙoƙo ko a kan ɗan guntun fata, tana dangwalar alli da yatsu don kada gumi ya sa mazarin santsi. Siririn zare mai tauri shi ake yin wadari da shi, abawa mai kauri kuma ita ake zurawa a ƙoshiya. Zare kan tsinke ne saboda abu uku: audugar ta sha raɓa, ba ta shiɓu sosai ba, ko an ja ta fiye da murzar da aka ba ta. In murza ta yi yawa kuma sai ya riƙa ƙudundunewa.

Gwanar kaɗi ba ta kallon hannunta, fitila kaɗan ta ishe ta, shi ya sa bakinta ke samun sarari. Ta ce "Ga ta nan, ga ta nan ku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai Gizo da Ƙoƙi, ko Kura, ko Dodo, ko marainiya da kishiyar uwa. Kaɗi yana da taku biyu, a ja zare a murza, sannan a tsaya a naɗe shi a jikin mazari, kuma mai tatsuniyar da ta ƙware takan ajiye waƙar cikin labarin a lokacin naɗi, yara na amshi. Ana rufewa da "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera." Da rana ba a yin tatsuniya sai an "ɗaure Gizo", wanda ya nuna cewa hira ce ta bayan an gama aikin yini.

Wannan zama ya ja baya tun da auduga ta koma kayan sayarwa. An kafa injin gurzar auduga a Gombe a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, zaren masaƙu da atamfa suka cika kasuwa. Gidan da ba a kaɗi a cikinsa, kaka ba ta da dalilin zama wuri ɗaya har dare ya raba, kuma wannan rashi ya taɓa tatsuniya tun kafin zuwan talabijin da wayar hannu.

Inda tufa ke ba da labari da hoto

A Abomey ta Jamhuriyar Benin ana ɗinka alamun sarakunan Dahomey a kan ƙyalle: ɓauna ta Gezo, zaki na Glele. A jihar Jojiya ta Amurka, Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a 1837, ta ɗinka bargo mai sashe goma sha ɗaya na ƙissoshin Baibul, aka nuna shi a 1886. Da ta sayar da shi sai da ta bayyana kowane sashe da baki, mai sayen ta rubuta. A ƙasar Hausa malamai ba su son hoton abu mai rai, don haka ado ya tafi ga zane mai suna: aska biyu, aska takwas da tambari a babbar riga, dagi a hula da bango, saƙi mai ɗigon zabuwa.

Bargon haɗe-haɗe

Abin da ya fi kusa da bargon labari a gidajen yau shi ne mayafi ko shimfiɗar da ake haɗawa da ƙyallayen da suka rage wajen tela. Kowane ƙyalle yana da tarihinsa: wannan ankon bikin wance ne, wancan zanen goyon wane ne. Mai son ya zama abin ba yara labari takan jera su bisa shekaru, ko ta ba kowane layi tatsuniya guda.

Don bargo mai faɗin inci 60 da tsawon inci 84 ana buƙatar ƙyalle 140, goma a layi, layi goma sha huɗu. A yanka kowanne inci bakwai ta kowane gefe, a bar rabin inci na ɗinki a kowane baki, ya koma shida. A yi ma'auni da kwali mai tauri a riƙa ɗorawa, domin kuskuren rubu'in inci a kowane ƙyalle yakan zama inci biyu da rabi a ƙarshen layi, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. A fara haɗa layi-layi, a goge bakin ɗinkin layi ɗaya zuwa dama, na biye zuwa hagu, don kada mahaɗa ta yi tudu ta karya allurar keke.

Wanki kafin yanka wajibi ne. Sabuwar atamfa tana tsukewa, tsohuwa ta riga ta gama, in aka haɗa su haka bargon zai tattare a wankin farko. Ja da shuni suna zuba. A jiƙa gefen ƙyallen a matse shi cikin farin tsumma, in ya bar launi a ci gaba da ɗauraya. Kada a haɗa leshi ko yadin roba mai miƙewa da shadda, mai nauyin zai yaga marar nauyi ta bakin ɗinki. Tsohon zanen da ake ganin haske ta cikinsa sai an yi masa shafi.

Bargon hunturu hawa uku ne: fuska, tsohon gwado a ciki, sai shafi a baya wanda ya ɗara fuskar da inci biyu kowane gefe don kalmasa. A shimfiɗa su a kan tabarma, a kama da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa baki, sannan a bi da ɗinkin dindindin, tsakanin layi da layi kada ya wuce inci huɗu. In aka fara daga baki, rarar yadi takan taru a tsakiya ta yi aljihu, in kuma layukan suka yi nisa da juna, na cikin yakan zame ya dunƙule gefe ɗaya bayan 'yan wanke-wanke.